Zafin Karaya da Zafin Ɗori

Ihu iri biyu ne ke fita daga bakin wanda ƙashinsa ya karye. Na fari na bakin titi ne, ko na gindin mangwaro, sa'ad da tsautsayin ya faɗa masa. Na biyu kuwa sai an kai shi zauren mai ɗori, an sa ƙarti biyu sun danne shi, tsohon ya shafa man kaɗanya, ya lalubi wurin da yatsa, sannan ya kama ƙafar ya ja har bakin ƙashi ya koma ya sadu da ɗan'uwansa. Waɗanda suka ɗanɗana duka biyun sukan ce na zauren ya fi shiga rai, domin na titi bai yi sallama ba, wannan kuwa kana ji kana gani ake nufo ka da shi. Duk da haka babu mai hankalin da zai ce aikinsu ɗaya ne. Na farko ɓarna ya yi, na biyu gyara ya zo yi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wata koyarwa da ta zauna daram a bakinmu, mu Kiristocin Jalingo da kewaye, wadda ta cakuɗa zafin nan biyu. Mutum ya binne ɗansa, ko an ƙone masa rumbu, ko aurensa na shekara da shekaru ya watse, sai a miƙe gaban jama'a a ce Allah ne ya aiko masa da wannan don ya girma cikin ruhu. In kuma ya soma kuka na gaske, ya soma furta tambayar da ke cin ransa da dare, sai a yi maza a toshe masa baki: “Haba ɗan'uwa, ina bangaskiyarka? Ai wanda ya tafi ya huta.” Mun sa wa karaya albarka ke nan, mun kuma hana ɗori. A ganina kife abin muka yi, shi ya sa mutane da yawa suke zaune a bencin sujada kowace Lahadi da karayar da ba a taɓa ɗora musu ba.

Garin nan ya san karaya. Waɗanda suka manyanta ba su manta watan Agusta na 2005 ba, lokacin da ambaliya ta karya gadar Nukkai, ruwa ya ci rayuka masu yawa. Ranar 30 ga Afrilu 2012 bam ya tashi a tsakiyar gari a kan ayarin kwamishinan 'yan sanda, mutum 11 suka mutu. A ƙarshen 2014, da Boko Haram ta ci Michika da Mubi, har ta mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi, iyalai suka yi ta kwararowa nan da ƙunshin kaya a ka, wasunsu har yau ba su koma ba. A watannin Mayu da Yuni na 2019 rikici tsakanin mutanen Kona da makiyaya ya cinye ƙauyuka a Ardo-Kola, ya iso bakin gari, har aka sa dokar hana fita. Wannan shi ne abin da jarida ta rubuta. Wanda ba ta rubuta ba ya fi yawa: matar da ɓari ya hana ta goyo, dangin miji suna yi mata kallon hadarin kaji, uwar da ɗanta ya faɗa shan ƙwaya, magidancin da aka kora daga aiki, yana fita kullum da safe don kada yara su gane.

Ko ɗaya cikin waɗannan ba zan iya kiransa alheri ba, kuma ban ga inda Littafi Mai Tsarki ya tilasta mini ba. Yusufu, a maganarsa ta Farawa sura 50 da muke yawan kafa hujja da ita, bai wanke 'yan'uwansa ba. Sai da ya kira abin da suka yi masa mugunta, sannan ya faɗi yadda Allah ya juya ta. Yesu ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, ya san sarai nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito, amma bai ce wa Maryamu ta share hawaye ba, nasa ya ƙara a kan nata. A Ezekiyel 34, cikin laifuffukan da aka lissafa wa makiyayan Isra'ila har da barin tunkiyar da ta karye ba ɗauri, sai Ubangiji ya yi alkawari shi da kansa zai ɗaure ta. A nan Allah yana zaure ne, da mai da tsumma a hannu. Ba shi ne direban da ya banke ka a hanyar Wukari ba.

Na san wani zai tuna mini da Dawuda, wanda a Zabura 51 ya danganta karayar ƙasusuwansa ga hannun Allah. Gaskiya ne. Amma a lura da mai maganar: mai raunin ne da bakinsa, a gaban Allah, bayan ya san laifin da ya yi wa Uriya. Ba maƙwabci ne ya shigo da tabarma ya fassara masa dalilin wahalarsa ba. Abokan Ayuba sun yi daidai muddin suna zaune a ƙasa tare da shi, kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka soma bayyana masa nufin Allah, nan suka ɓata, har a ƙarshen littafin sai da Ayuba ya yi musu addu'a kafin fushin Allah ya sauka daga kansu.

Likitocin ƙashi suna da bayani mai ban sha'awa kan abin da ke gudana a ƙarƙashin karan ɗori. Da zarar ƙashi ya karye, jini yakan taru a wurin ya daskare, wurin ya kumbura, ya ɗauki zafi. Mai kallo zai ce ciwon ne ke ƙaruwa, alhali aikin haɗin ne ya soma. A cikin daskararren jinin nan jiki yake saƙa wani abu mai taushi kamar guringuntsi cikin mako biyu zuwa uku, shi ne a hankali yake taurara ya zama ƙashi. Na babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya kama, na cinya ya fi haka, jiki kuma yakan ci gaba da sassaƙe wurin har shekara ko fiye. Mai ɗori ba ya haɗa ƙashi, likita ma haka. Iyakarsu su daidaita bakin, su hana shi motsi, su jira. Ɗauri nasu ne, haɗi na Mai Sama ne, kuma duk mai ɗorin kirki ya san haka.

Kumburin zuciya shi ne kuka, da fushi, da rashin barci, da tambayar “don me ni?” A bar shi ya yi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura koke-koke ne, bayin Allah suna kai ƙarar Allah wurin Allah. Zabura 88 ta fara cikin duhu ta ƙare cikin duhu, babu ko aya guda ta lallashi a ƙarshenta, kuma ba wanda ya cire ta daga littafin. Akwai ma littafi sukutum mai suna Makoki. To, dubi sujadarmu. Ƙungiyar mawaƙa ta tashi, zumuntar mata ta buga tulu da caki, matasa su kaɗa ganga, kowa ya taka rawa zuwa baiko. Ina ƙaunar waƙoƙin nan har cikin raina. Sai dai gwauruwar da ta binne mijinta ranar Alhamis, in ta zo ranar Lahadi, wace waƙa ce tata? Lokacin ba da shaida na waɗanda suka samu ne: an haihu lafiya, an ci jarrabawa, an tsira daga hatsari. Wadda nata bai tsira ba sai ta zauna a bencin baya, ta tafa hannu tare da kowa, ta koma gida yadda ta zo.

Babban kukan likitoci game da ɗorin gargajiya a kan ɗauri yake. Mai ɗori ya jera kara ya tamke tamau a kan gaɓar da ke kumbura, kumburin ya rasa inda zai je, hanyar jini ta toshe. Yatsu su yi sanyi, su daina ji, su yi baƙi. Abin da ya fi ban tausayi, akan kai lokacin da mai ciwon zai ce zafin ya lafa, 'yan'uwa suna murna, ashe naman ne ya mutu. Kafin a isa asibiti sai dai a yanke. Yara da dama a arewacin ƙasar nan sun rasa hannu ta wannan hanya, a kan karayar da in da an bar mata sarari da ta warke cikin 'yan makonni.

Haƙuri shi ne karan ɗorinmu, kuma ban raina shi ko kaɗan ba. Ba don shi ba da gaɓar ta yi ta reto, da duk mai rashi ya ɗauki adda. Gaisuwar nan tamu ta “yaya ƙarin haƙuri?” tana ɗauke da tausayi mai yawa. Amma akwai haƙurin da ake tamke wa mutum har numfashi ya gagara. “Kai fa namiji ne.” “Mama, ke matar fasto ce, mutane suna kallonki.” “Ai an wuce wurin, a bar wa Allah.” Sai mutum ya yi shiru, mu ce ya dangana. Bayan shekara biyu sai a ga dattijon ikilisiya ya koma yini a gidan burkutu, ko ya soma ɗaga wa matarsa hannu, ko hawan jini ya kayar da shi a gona. A ga yarinyar da ke jan waƙa ta daina zuwa, ba faɗa ba gardama, ita dai in an ambaci sunan Allah ba ta jin komai. Yatsun ne suka yi baƙi, mu kuwa muna nan muna yabon ɗaurin.

Jan ƙafar, a sha'anin zuciya, shi ne faɗin gaskiya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Dole wata rana mutum ya zauna gaban wanda ya amince da shi, da gaban Allah, ya faɗi abin yadda ya faru, har da wurin da kullum yake tsallakewa: cewa shi ne ya aiki yaron a ranar, cewa ya ji ihun maƙwabcinsa amma ya ci gaba da gudu, cewa tun ranar jana'iza bai sake addu'a da zuciya ɗaya ba, domin yana fushi da wanda zai yi wa addu'ar. Zancen nan yana da zafi fiye da yadda mai lafiya ke zato. Mutane sukan yi shekaru suna kewaye shi, suna janye ƙafa duk sa'ad da hannu ya doso. Bayan 2014 EYN ta gane cewa buhun masara da bargo ba za su wadatar ba, ta soma shirya tarukan warkar da raunin zuciya domin waɗanda suka gudo, ta kuma koyo daga mutanen Ruwanda da suka bi ta kisan ƙare-dangi na 1994. Jigon irin waɗannan taruka shi ne a zauna a da'ira, kowa ya faɗi nasa, a saurare shi ba tare da an gyara masa zance ba. Sai dai ba kowane hannu ne ya kamata ya ja ba. Wanda bai iya ba ƙara ɓarna zai yi, wanda kuma zai kwashi sirrin mutum ya baza a taron mata ko na dattawa da sunan “batun addu'a” bai cancanci a buɗe masa ciki ba.

Mu dai mun iya makon farko, babu mai raina mu a nan. Rumfuna da kujeru, waƙoƙi har tsakar dare, zumuntar mata cikin anko, kuloli na shiga suna fita. Amma ƙashi ba ya haɗewa a mako guda. A wata na uku ne, bayan an kwashe kujeru, baƙi sun koma Zing da Karim Lamido da Takum, kuɗin makaranta ya zo, dangin miji sun soma zancen fili, zafin yake sauka sosai. A lokacin ne kuma ƙafarmu take ɗaukewa. Mai karaya kuwa buƙatarsa ta watannin nan ƙanana ce kuma ta kullum: wanda zai ɗaga shi, wanda zai kawo abinci, wanda zai zauna ya ɗebe masa kewa. Annabi Iliya, a 1 Sarakuna 19, ya kwanta a gindin itace cikin jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa wa'azi ba. Abinci ya ba shi da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Magana sai bayan tafiyar kwana 40.

Akwai kuma karayar da ba ta zaure ba ce. In ƙashi ya huda fata ya fito, ko ya farfashe, mai ɗori mai tsoron Allah yakan ce a wuce asibiti a ɗauki hoto. Haka nan in mutum ya yi makonni ba ci ba barci, ko yana jin muryoyi, ko ya soma cewa gara ya mutu ya huta, a yi masa addu'ar a cikin keken da ke kai shi asibitin tarayya. Ba kowane ciwon rai ne aljani ba, kuma ɗora azumi a kan wanda dama ba ya cin abinci zalunci ne. Sai a Janairun 2023 Najeriya ta sami sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. In hukuma ta makara haka, bai kamata ikilisiya ta fi ta makara ba.

Sai ranar takawa. Ƙashi yana ƙara ƙarfi ne da nauyin da aka ɗora masa. Wanda ya ƙi sauka daga tabarma bayan lokaci ya yi, gwiwa takan sage, naman ƙafa ya zube. Wanda ya taka da wuri kuma ya sake karyawa. Zancen gafara a nan yake, mu kuwa mun saba neman ta tun ranar jana'iza, a lasifika, gawa ba ta ko sauka kabari ba. Yusufu yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi. Sai bayan sama da shekara 20 ya rungumi 'yan'uwansa, kuma kafin nan sai da ya gwada su, ya juya baya ya yi kuka, ya shiga ɗaki ya sake yi. A ƙarshen Agusta 2019 aka tare Fada David Tanko na Dayosis ɗin Jalingo a hanyarsa ta zuwa Takum wurin taron sulhu tsakanin Tibi da Jukunawa, aka kashe shi, aka ƙone shi da motarsa. Bishop ɗinsa, Charles Hammawa, ya roƙi kada a ɗauki fansa, ya kuma nemi a kamo waɗanda suka aikata. A ganina iyakar abin da ya dace a nema daga mai sabon rauni ke nan: kada ya motsa gaɓar ya ƙara ɓarna. Hana ramuwa aikin yau ne. Gafarar da ta kai zuci tana da nata lokaci, kuma ba ta soke neman adalci.

Mafi wuyar sha'ani shi ne ƙashin da ya haɗe a karkace. Mutum yana takawa, yana noma, amma a karkace, har kwankwaso da baya su ɗauki ciwon, gyaransa kuma sai likita ya sake yanka ƙashin. Rikicin Tibi da Jukunawa ya tashi a 1991, ya dawo a 2001, ya sake dawowa a 2019, kuma da yawa daga masu faɗan, nan da can, suna zuwa sujada ranar Lahadi. Kowane zagaye an yi jana'iza, an ce sai haƙuri, manya sun yi taro sun gaisa gaban 'yan jarida, yaran da suka ga gawar iyayensu kuwa suka girma da abin a ciki. Irin wannan nake jiye wa gidan United Methodist, wanda cibiyarsa a ƙasar nan ke Jalingo. Tun rabuwar 2024, da Bishop John Wesley Yohanna ya koma Global Methodist, waɗanda suka tsaya kuma aka zaɓa musu Bishop Ande Emmanuel, an shiga kotu kan gine-gine, an kuma rasa rayuka a Munga Dosso a watan Disamba na shekarar. Kotu za ta iya raba filaye da makarantu. Amma mutanen da aka yi musu baftisma rana ɗaya, suka ci jibin Ubangiji a teburi ɗaya, in aka bar su haka, jikokinsu za su gaji ɗingishin ba tare da sun san inda aka faɗi ba.

To ina girman cikin ruhu da ake ta faɗa? Akan ce wurin da ya karye, in ya haɗe, ya fi ko'ina ƙarfi. Likitoci sun ce na ɗan lokaci ne wurin yake yin kauri, daga baya jiki yakan sassaƙe shi ya koma kamar sauran ƙashi. Da yawa kuma za su gaya maka in hunturu ya shigo ko hadari ya haɗo, wurin yakan motsa. Don haka ba na yi wa mai rashi alkawarin zai fi da ƙarfi. Yakubu ya kwana yana kokawa a mashigin Yabbok, ya ƙi saki sai an sa masa albarka. Ya samu, amma gari ya waye masa yana ɗingishi, da ɗingishin kuma ya je ya taryi Isuwa, wan da ya cuta shekara 20 da suka wuce. Mai wayon nan da ya yi ta tura garke da bayi gaba, ranar shi ya wuce gaban iyalinsa, ya sunkuya har ƙasa sau bakwai. Dabara ta ragu, gaskiya ta ƙaru. Girman da na sani ke nan. Yesu ma bai tashi daga matattu da fata sumul ba, tabon ƙusa ya nuna wa Toma.

Sauran girman a hannu yake fitowa, kamar yadda Bulus ya nuna wa Korintiyawa cewa ta'aziyyar da mutum ya karɓa ba ta tsayawa a wurinsa. Ka lura a gidan makoki. Masu dogon jawabi galibi ba su taɓa yin rashi irin wannan ba. Tsohuwar da ta binne 'ya'yanta biyu kuwa ba ta da yawan magana. Takan cire takalmi, ta zauna a tabarma kafaɗa da kafaɗa da mai sabon rashi, ta ce, “Yi kukanki, 'yata, ina nan,” ta sa a damo kunu, ta riƙe mata kofin. Hannunta ya san inda ake taɓawa da inda ba a taɓawa. Kada a ce karayar ce ta koya mata, domin akwai waɗanda karaya iri ɗaya ta mai da su masu ɗaci har ƙarshen ransu. Ɗorin da aka yi mata ne: wani ya zauna da ita, ya bar kumburinta ya yi ya sauka, ya saurari abin da ba ta iya faɗa wa kowa ba, ya riƙe ta ranar da ta fara takawa.

Irin waɗannan mata da maza suna nan a kowace majami'a, daga Magami zuwa Mayo-Gwoi zuwa Mile Six. Ba su da muƙami, ba sa cikin kwamiti. Da ni ne sakataren ikilisiya, da na buɗe wani littafi dabam da na baiko, na rubuta sunan duk wanda ya yi rashi da ranar da abin ya faru, na haɗa kowane suna da ɗaya daga cikinsu, ikilisiya ta ɗauki kuɗin keke, su riƙa leƙawa duk mako biyu har shekara ta zagayo. Da na kuma roƙi Baba Fasto ya ware Lahadi ɗaya a duk wata uku, a karanta Zabura ta koke, a yi shiru bayanta, kada a bi ta da wa'azin da zai gyara ta. A fara littafin da waɗanda suka yi rashi tun daminar bara, waɗanda tuni muka daina zuwa gaishe su.